Glencore a kan sikeli: tambayoyi da amsoshi kan cin hanci, gurɓata muhalli da cinikin hatsi

Mutum zai iya ƙare rayuwarsa bai taɓa jin sunan Glencore ba, alhali kayan kamfanin suna cikin aljihunsa. Ba shi da kanti da sunansa. Hajarsa ita ce tagullar da ke cikin wayar lantarki, da kobalt ɗin da ke cikin batir, da kwal ɗin da ake ƙonawa a tashoshin wuta, da ɗanyen mai, a da ma har da alkama. A amsoshin da ke ƙasa an raba abubuwa uku da mutane kan cakuɗa: abin da kamfanin ya amsa da bakinsa, abin da kotu ta tabbatar a kansa, da abin da ake zarginsa da shi amma ya musanta.

Wane irin kamfani ne Glencore?

Dillali ne da ya zama mai rami. Hedikwatarsa tana garin Baar a Suwizalan, rajistarsa tana tsibirin Jersey, ana kuma cinikin hannun jarinsa a Landan tun watan Mayun 2011. Ya fara ne da saye da sayarwa kawai: ya sayi ƙarfe ko mai daga mai shi, ya yi jigila, ya sayar wa mai buƙata, ya ci ribar tsakani. Daga baya ya ga gwamma ya mallaki ramukan da kansa, ya kuma haɗe da kamfanin haƙar ma'adinai na Xstrata a 2013. Lokacin da ya shiga kasuwar hannun jari, takardunsa sun nuna yana riƙe da kusan kashi 60 cikin ɗari na cinikin tutiya da ake yi a buɗaɗɗiyar kasuwar duniya, da rabin na tagulla, da kusan kashi 9 na hatsi. Ma'aikatansa da 'yan kwangilarsa sun kai kimanin 150,000.

Me ya sa ba a maganar kamfanin sai an ambaci Marc Rich?

Domin shi ne uban gidan. Ya kafa kamfanin a 1974 da sunan Marc Rich + Co. A 1983 masu gabatar da ƙara a Amurka suka tuhume shi da zille wa haraji da kuma cinikin mai da Iran a lokacin da ake garkuwa da Amurkawa a Tehran. Bai tsaya gaban alƙali ba, ya yi zamansa a Suwizalan har ranar 20 ga Janairun 2001, ranar ƙarshe ta mulkin Bill Clinton, wanda ya yi masa afuwa. Kafin nan manajojinsa sun riga sun sayi kamfanin daga hannunsa, suka raɗa masa suna Glencore a 1994. Suna ya sauya, amma salon kasuwancin ya zauna: shiga inda wasu ke tsoron shiga, ƙasashen da ke cikin yaƙi ko bashi ko takunkumi, domin a nan ne riba take da kauri.

Da gaske ne ya amsa laifin ba da cin hanci, ko zargi ne kawai?

Ya amsa. Ranar 24 ga Mayun 2022, a gaban kotunan Amurka, rassan kamfanin suka amsa laifi iri biyu. Na farko shi ne cin hanci: tsakanin 2007 da 2018 an biya sama da dala miliyan 100 ga 'yan tsakiya, da sanin cewa wani kaso mai yawa zai shiga hannun jami'an gwamnati a Najeriya, Kamaru, Kwaddibuwa, Ikwatoriyal Gini, Birazil, Benezuwela da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Najeriya ce ta ɗauki kaso mafi tsoka, sama da dala miliyan 52, akasari don samun kwangilar ɗanyen mai daga NNPC. Na biyu shi ne murɗe farashin man jiragen ruwa a tasoshin Los Angeles da Houston na tsawon shekara takwas. Jimillar abin da aka ci shi a Amurka ya zarce dala biliyan 1.1.

A watan Nuwamban wannan shekarar kotun Southwark da ke Landan ta umarci reshensa na Birtaniya ya biya kusan fam miliyan 281, bayan ya amsa tuhuma bakwai da suka shafi ƙasashen Afirka biyar, ciki har da Sudan ta Kudu. Birazil ta karɓi kimanin dala miliyan 40. Suwizalan, gidansa, ita ce ta zo a makare: a watan Agustan 2024 ta same shi da laifin gaza hana wani abokin kasuwancinsa bai wa jami'in Kwango cin hanci a 2011, ta ci shi tarar faran miliyan 2, da dala miliyan 150 a matsayin ribar da bai cancanta ba.

Ta yaya kuɗin ke isa hannun jami'ai?

Abin ban mamaki shi ne rashin dabarar da ke ciki. Ana ƙulla yarjejeniyar bogi da wani kamfanin "ba da shawara", a cika masa takardar biya da kuɗin da ya wuce ƙa'ida, shi kuma ya raba. Wani lokaci ana ciro tsabar kuɗi daga ofishin kamfanin, a zuba a jaka, a ɗora a jirgin sama na shata zuwa Afirka. A saƙonninsu, 'yan kasuwar suna kiran toshiyar baki da sunan "jaridu" ko "cakulan". Wato kowa a teburin ya san abin da ake yi, tun da har an yi masa laƙabi. Wani tsohon ɗan kasuwar mai na kamfanin ya amsa laifinsa a New York tun 2021, ya kuma taimaka wa masu bincike. A 2024 hukumar yaƙi da manyan zamba ta Birtaniya ta gurfanar da wasu tsofaffin ma'aikata, ciki har da tsohon shugaban sashen mai, kuma an sa 2027 don fara shari'ar. Waɗannan mutane ba a yanke musu hukunci ba, don haka har yanzu zargi ne a kansu.

Tarar ta yi masa zafi? Ina kuɗin suka tafi?

A shekarar da ya amsa laifin, ribar Glencore ta haura dala biliyan 17, saboda yaƙin Yukiren ya tayar da farashin kwal da mai. Duk tarar da aka ci shi a 2022, a haɗa ta wuri ɗaya, ba ta kai ribar wata biyu ba.

Tambaya ta biyu ta fi ciwo. Mafi yawan kuɗin sun shiga baitulmalin Amurka da Birtaniya da Suwizalan, ƙasashen da ba a saci komai daga talakansu ba. Najeriya ta nemi kotun Landan ta saurare ta a matsayin wadda aka cuta, alƙali ya ce doka ba ta ba ta wannan damar ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Daga baya kamfanin ya sasanta da wasu ƙasashen kai tsaye: Kwango ta karɓi dala miliyan 180 a Disamban 2022, yarjejeniyar da ta rufe duk wata ƙara kan abin da ya faru tsakanin 2007 da 2018, abin da ya sa 'yan fafutuka a ƙasar suka ce an sayar da haƙƙinsu da arha. A 2024 kuma ministan shari'ar Najeriya ya sanar da sasantawa ta dala miliyan 50. Adalci ya sa a ƙara da cewa cin hanci hannu biyu ne, kuma hannun da ya karɓa, a yawancin waɗannan ƙasashe, yana nan yana yawo.

Me ya sa sunan Kwango ya fi yawan fitowa?

Saboda kobalt. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Kwango yake fitowa, kuma Glencore yana da manyan ramuka biyu a lardin Lualaba: Kamoto, kusa da Kolwezi, da Mutanda. Yadda ya same su ne matsalar. Abokin tafiyarsa shi ne Dan Gertler, attajiri ɗan Isra'ila kuma aminin tsohon shugaba Joseph Kabila. Takardun sirrin da aka bankaɗo a 2017 sun nuna Glencore ya ranta wa wani kamfanin Gertler dala miliyan 45 a 2009, a daidai lokacin da ake tattauna sharuɗɗan Kamoto da gwamnati. A Disamban 2017 Amurka ta ƙaƙaba wa Gertler takunkumi, ta ce Kwango ta yi asarar sama da dala biliyan 1.36 tsakanin 2010 da 2012 ta hanyar sayar da kadarorin ma'adinai a farashin banza ga kamfanonin da ke da alaƙa da shi. Gertler ya musanta. Glencore ya dakatar da biyansa kasonsa na ɗan lokaci, da Gertler ya kai ƙara sai ya ci gaba da biya a 2018, amma da kuɗin yuro maimakon dala, don kada ya taka dokar Amurka.

Sai kuma rayuka. A Fabrairun 2019 wata tankar ɗan kwangila ɗauke da asid zuwa Mutanda ta kife a kan motoci da masu talla a bakin hanya, mutum kusan 20 suka mutu. A watan Yunin shekarar wani sashen ramin KOV na Kamoto ya rufta, sama da masu haƙar gargajiya 40 suka rasu. Kamfanin ya ce mutanen sun shiga ne ba da izini ba, kuma kimanin 2,000 ne ke kutsawa kullum. Gaskiya ne. Amma gaskiya ce kuma cewa mutum ba ya shiga ƙarƙashin gangaren da zai iya binne shi in yana da wata sana'ar, kuma mafi kyawun filayen yankin an riga an damƙa su ga manyan kamfanoni. Martanin gwamnati shi ne tura sojoji.

Yana sa yara aiki a ramuka?

A nan sai an yi hattara. Babu kotun da ta same shi da wannan laifi, kuma ramukansa na injuna ne, ba na diga da shebur ba. Zargin da aka yi masa, tun binciken BBC na 2012, shi ne cewa yara suna haƙa a filin Tilwezembe, wanda yake da lasisinsa amma ya daina aiki a ciki, kuma abin da suke haƙowa yana bin hannun dillalai ya shiga kasuwa. Kamfanin ya ce an mamaye filin ne, kuma ba ya sayen ma'adinin masu haƙar gargajiya. Wannan binciken ne kuma ya nuna ruwan asid yana kwarara daga matatar Luilu zuwa kogi. A kan wannan kam kamfanin bai yi gardama ba, ya ce matsala ce da ya gada kuma ya toshe ta.

Me ya faru a Zambiya?

A garin Mufulira akwai matatar tagulla ta Mopani, wadda Glencore ya riƙe mafi yawan hannun jarinta daga 2000 zuwa 2021. Shekara da shekaru tana fitar da hayaƙin farar wuta mai ƙona maƙogwaro, wanda mutanen garin ke kira "senta". Yana cinye kwanon rufi, yana hana shuka tsiro a unguwar Kankoyo. A daren ƙarshe na 2013 wata babbar jami'ar gundumar ta shaƙi hayaƙin, asmarta ta tashi, ta rasu. Mijinta ya kai ƙara ya yi nasara, Kotun Ƙolin Zambiya ta tabbatar da hukuncin a 2020. Kamfanin ya kammala gyaran matatar a 2014, ya ce yanzu tana kama kusan kashi 97 na hayaƙin. Shekara goma sha huɗu ke nan bayan ya saye ta.

A 2020 ɗin dai kotun ta ba hukumar harajin ƙasar gaskiya a wata shari'ar daban: Mopani yana sayar wa uwar kamfanin a Suwizalan tagulla da rahusa, ribar ta bayyana a can, harajin ya ragu a nan. An umarce shi ya biya kwaca miliyan 240, kimanin dala miliyan 13. Shekara ta zagayo, Glencore ya sayar wa kamfanin gwamnatin Zambiya Mopani a kan dala ɗaya, tare da bashin dala biliyan 1.5.

Cerrejón fa?

Wannan shi ne ɗaya daga cikin ramukan kwal mafi girma a duniya, a La Guajira, yanki mai ƙarancin ruwa a arewacin Kolombiya inda ƙabilar Wayuu ke zaune. Glencore ya daɗe yana da kaso a ciki, ya zama mai shi gaba ɗaya a farkon 2022 bayan ya sayi kason kamfanonin haƙar ma'adinai na BHP da Anglo American. An tashi ƙauyuka don faɗaɗa ramin, mafi shahara shi ne Tabaco da aka rusa a 2001. Rigimar baya-bayan nan a kan rafin Bruno ce, wanda aka karkatar da shi don a kai ga kwal ɗin da ke ƙarƙashinsa. Kotun tsarin mulkin Kolombiya ta ba mazauna gaskiya a 2017, ta dakatar da faɗaɗawar. A 2020 David Boyd, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da haƙƙin ɗan Adam, ya yi kira a tsayar da wani sashen aikin saboda ƙurar da ke shiga ƙirjin yara. Kamfanin ya ce an gina kiran a kan bayanan da ba daidai ba, sa'an nan Glencore ya maka gwamnatin Kolombiya a kotun sulhu ta masu zuba jari, yana neman diyyar asarar da hukuncin 2017 ya jawo masa.

To a ƙasashe masu arziki yana kiyayewa?

Ba kamar yadda ake zato ba. A Rouyn-Noranda da ke lardin Kebek na Kanada, matatarsa ta Horne ta yi shekaru da lasisin fitar da gubar arsenik har nanogiram 200, daga baya 100, a kowace kubik mita ta iska, alhali ƙa'idar lardin 3 ce. Da bincike ya nuna gubar a farcen yaran unguwar da ke maƙwabtaka, sai gwamnati ta gindaya masa saukowa zuwa 15, aka kuma shirya kwashe gidaje kusan 200. A arewacin Ostireliya, ramin McArthur ya karkatar da kogin da 'yan asalin ƙasar ke girmamawa, tarin duwatsun da ya zubar kuma ya kama ci da kansa a 2013, yana tuƙa hayaƙi wata da watanni. Bambancin shi ne a can akwai likitocin gwamnati masu auna farce su kuma wallafa sakamakon.

Ina batun noma ya shigo?

Glencore bai taɓa zama manomi sosai ba, ɗan kasuwar hatsi ya kasance: rumbuna, tasoshin jiragen ruwa, injunan matse mai. Ya sayi Viterra, babban kamfanin hatsi na Kanada, a 2012 a kan kimanin dalar Kanada biliyan 6. A nan laifin ba guba ba ce a kogi, cin riba ne daga tsada. A 2010, lokacin farin Rasha, wani babban ma'aikacin reshensa na can ya fito ya ba da shawarar a hana fitar da alkama, gwamnati ta hana, farashi ya yi tashin gwauron zabi, daga baya kuma aka gano kamfanin ya riga ya yi cacar cewa farashin zai tashi. Ya ce ma'aikacin ra'ayinsa ya faɗa, kuma haramcin ya jawo masa asara a wasu kwangiloli. A Agustan 2012, lokacin mummunan farin Amurka, shugaban sashen noma ya shaida wa masu zuba jari cewa tsada da hargitsin kasuwa alheri ne ga kamfanin. Bai yi ƙarya ba, abin da ya fusata ƙungiyoyin agaji ke nan. A wannan shekarar ce kuma wata kotu a Beljiyam ta ci reshen hatsinsa na Rotterdam tarar yuro 500,000 saboda sayen bayanan sirri daga wani jami'in Tarayyar Turai.

Ta fuskar muhalli, babbar damuwar ita ce waken suya daga Kudancin Amurka, musamman dajin Cerrado na Birazil da ake sharewa don gona. Wannan zargi ne da ya hau kan dukkan manyan dillalan hatsi.

An ce ya fita daga harkar noma. Haka ne?

Ya ja da baya, bai fita ba. A 2016 ya sayar da kusan rabin sashen ga asusun fansho biyu na Kanada, a 2020 aka mayar da sunan sashen duka Viterra, a watan Yulin 2025 kuma Viterra ya narke cikin Bunge, wani babban kamfanin hatsi. Glencore ya karɓi tsabar kuɗi da kusan kashi 16 na Bunge. Sunansa ya bar jikin rumbu, ribar ba ta daina zuwa ba.

Yaya alƙawuransa na sauyin yanayi?

A 2019 ya ce zai taƙaita haƙar kwal a kusan tan miliyan 150 a shekara. A ƙarshen 2020 ya ce burinsa ya kawar da hayaƙinsa kwata-kwata nan da 2050, ya rage kashi 40 cikin ɗari nan da 2035. Hujjarsa ita ce gwamma ya riƙe ramukan ya rufe su a hankali da ya sayar wa wanda ba ruwansa. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai ba ta bayyana dalilin sayen sababbi ba. A Yulin 2024 ya biya kusan dala biliyan 6.9 ya sayi kashi 77 na ramukan kwal ɗin narka ƙarfe na kamfanin Teck a kwarin Elk na Kanada, inda sinadarin seleniyum ya daɗe yana lalata kifi. Ya yi alƙawarin ware harkar kwal ta zama kamfani dabam, wata guda bayan cinikin ya ce masu hannun jari sun fi son a bar ta a gida.

Me kamfanin ke cewa a kan duk wannan?

Cewa ba shi ne kamfanin jiya ba. Ivan Glasenberg, wanda ya jagorance shi tun 2002, ya sauka a 2021, Gary Nagle ya gaje shi, tsofaffin shugabannin sassa ma sun tafi. Ya rage amfani da 'yan tsakiya sosai, ya faɗaɗa sashen bin doka, yana wallafa harajin da yake biya ƙasa-ƙasa. Yana kuma tunatarwa cewa yana ciyar da dubban iyalai a wuraren da babu wani aikin, kuma motar lantarki ba za ta yiwu ba sai da tagulla da kobalt. Waɗannan ba ƙarya ba ne. Masu sa idon da Amurka ta ɗora masa na shekara uku su ne za su iya tabbatar da ko gyaran ya kai zuci, amma an sallame su a 2025 kafin wa'adinsu ya cika.

Wanda aka cuta a Kolwezi ko La Guajira zai iya kai ƙara a Suwizalan?

Da ƙyar. Ramin na ƙaramin kamfani ne mai rajista a ƙasar da yake, uwar kamfanin kuma tana iya cewa ita mai hannun jari ce kawai. An yi yunƙurin toshe wannan kafa ranar 29 ga Nuwamban 2020, lokacin da 'yan Suwizalan suka kaɗa ƙuri'a kan dokar da za ta ɗora wa kamfanonin ƙasar alhakin ɓarnar rassansu a waje. Glencore ne ya fi fitowa a allunan kamfen. Kashi 50.7 cikin ɗari suka ce e, amma tsarin mulkin ƙasar yana buƙatar rinjayen jihohi ma, kuma yawancin jihohin suka ce a'a, ciki har da Zug, inda Baar take. A farkon 2025 masu fafutukar suka sake tara sa hannu don a koma rumfar zaɓe.